Ɗan Aiken Masu Nazarin Falsafa

A shekarar 1963 wani malamin jami'a a ƙasar Amurka mai suna Edmund Gettier ya buga maƙala mai shafi uku kacal a mujallar Analysis ta Ingila. Kafin wannan lokaci masana falsafa da yawa sun natsu a kan cewa sani shi ne mutum ya gaskata abu, abin kuma ya zama gaskiya ne, sa'an nan yana da hujjar gaskatawa. Gettier ya kawo misalai biyu inda sharuɗɗan nan uku suka cika, amma duk mai hankali ya ga dace ne kawai aka yi, ba sani ba. To, duk malamin da wannan fitowa ta wuce shi, sai ya ci gaba da koyar da abin da aka riga aka warware, shi bai sani ba, ɗalibansa ba su sani ba.

Wannan ita ce damuwar mai nazarin falsafa, domin muhawarar fannin a mujallu ake yin ta, ba a littattafai kaɗai ba. Mujallun kuwa sun daɗe: Mind tun 1876 take fitowa, Philosophical Review tun 1892, Journal of Philosophy tun 1904. A Nijeriya ma Jami'ar Ife ta fara buga Second Order a 1972. A da, malami yakan leƙa laburare ya duba abin da ya iso. Amma bayan da darajar naira ta karye daga 1986, jami'o'i da dama suka kasa biyan kuɗin mujallun waje, kantoci suka zama wayam, nazari ya koma dogaro da tsofaffin fitowa.

Yau mujallun suna intanet, amma sun yi yawan da ba mai iya zagaya su ɗaya bayan ɗaya kowane mako. A nan ne wata dabara da ake kira RSS take da rana. Kamfanin Netscape ne ya fito da ita a 1999, kuma aikinta aikin ɗan aike ne. Mawallafin mujalla yakan ajiye ɗan ƙaramin jerin sababbin maƙalu: take, sunan marubuci, ranar fitowa, sau da yawa da taƙaitaccen bayani. Mai karatu zai kwafi adireshin jerin ya sa a manhaja irin su Feedly ko Inoreader ko Zotero. Daga nan manhajar ce za ta riƙa zuwa tana dubawa, duk abin da ta tarar sabo ta kawo masa wuri guda, bisa tsarin ranar fitowa. Ba kamar Facebook ba, inda wani lissafi na kamfani yake zaɓar abin da mutum zai gani, a nan mai karatu ne da kansa yake zaɓen ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. Kuma da yake rubutu ne tsantsa, ba ya cin data sosai, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi.

Wanda ya ga bin mujallu ɗai-ɗai ya yi masa nauyi, akwai PhilPapers, babban kundin da David Bourget da David Chalmers suka buɗe a 2009, wanda yake tattara maƙalun falsafa yana rarraba su fanni-fanni. Haka nan African Journals Online yana tara mujallun da ake bugawa a wannan nahiya, don kada a san abin da ake faɗa a Oxford a jahilci abin da ake faɗa a Ibadan.

Amma fa akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, ɗan aiken take da taƙaitawa yake kawowa. Cikakkiyar maƙala sau da yawa tana bayan ƙofar kuɗi. Sai a nemi laburaren jami'a, ko a rubuta wa marubucin, ko a duba mujallun da suke kyauta irin su Philosophers' Imprint. Na biyu, manhaja tana mutuwa: Google Reader, wadda jama'a da yawa suka dogara da ita, an rufe ta a 2013, saboda haka mai hankali yakan ajiye kwafin jerinsa a gefe. Na uku shi ne mafi haɗari. Mutum yakan zari mujallu barkatai, take ya taru ɗaruruwa, ya riƙa gungurawa yana jin kamar ya yi karatu, alhali sunaye kawai ya haddace.

Maganin wannan shi ne a taƙaita. A zaɓi mujallu kaɗan da suka shafi abin da ake nazari, a ware rana guda a mako a duba abin da ya zo, a ɗauki maƙala ɗaya a zauna da ita da alƙalami, a bi hujjarta daki-daki har a ga inda ta tsaya da inda ta gurgunce. Ɗan aike ya sauke nauyinsa idan ya kawo labari. Saura kuma na mai gida ne, domin Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Allah Ya ba da ilmi mai amfani.