Furotiyasom ko Maniƙar Furotin?

A Rijiyar Zaki, kusa da sabon matsugunin Jami'ar Bayero, yara kan jera kwanukan dawa da masara a gaban mai injin niƙa. A nan na sami bakin zaren wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: wane suna ya dace Bahaushe ya raɗa wa abin da masana kimiyya ke kira furotiyasom?

Furotiyasom ɗan ƙaramin inji ne a cikin ƙwayar halitta, aikinsa rusa furotin da ya lalace ko wanda amfaninsa ya ƙare. Siffarsa ta ganga ce: zobba 4 a ɗore, kowane zobe da sassa 7. Zobba biyun tsakiya ke yin yankan, sa'annan akwai murfi a baki mai tantance abin da zai shiga. Galibi ba ya karɓar furotin sai an yi masa shaida da yubikwitin, wani ɗan furotin mai amino asid 76. Murfin ya warware shi kamar zare, ya zura ciki, a daddatsa. Daga gutsattsarin ake samo amino asid ɗin da za a gina sabon furotin. Gano wannan tsari na shaida ya jawo wa Ciechanover da Hershko da Rose lambar Nobel a 2004.

Ra'ayina shi ne a kira shi maniƙar furotin. Ƙirar kalmar tamu ce, irin ta maƙera da marina da majema. Ta fi juji dacewa, domin juji ba ya zaɓe, kuma abin da ya fito daga maniƙa ba shara ba ne, gari ne.

Wani zai ce furotiyasom yanka yake yi, ba niƙa ba, don haka mayanka ta fi. Wannan suka tana da ƙarfi. Sai dai mayanka dabba take kawo wa Bahaushe a rai, alhali maniƙa na nuna babban abu ya koma ƙanana masu amfani. A bar kalmar aro a littattafan ƙwararru, tamu ta tsaya a gefenta.

Batun ya wuce kwalliyar harshe. Tun 2003 aka amince a Amurka da maganin bortezomib, wanda ke toshe wannan inji don ƙwayoyin sankarar ɓargo su shaƙe da tarkacen furotin su mutu. Likitan da ya ce wa manomi maganin na toshe maniƙar ƙwayoyin cutar ya isar da saƙo. Wanda ya ce furotiyasom kuwa ya bar majinyaci a duhu.

Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi wannan hidima. Ya kamata sassan Hausa su zauna da likitoci da masana halittu, su yi wa kimiyyar rayuwa irinta.