Waiwaye: Kwamfutoci Biyu da Suka Karantar da Ni

A 2010 na fara mallakar kwamfutar tafi-da-gidanka. 'Yar mitsitsiya ce, irin waɗanda kamfanin Asus ya buɗe wa kasuwa da Eee PC a 2007: fuska inci 10, nauyi kilo ɗaya da 'yan kai. Lokacin ina yawon aiki a kan babur tsakanin Dutse, Kiyawa da Jahun, don haka buƙatata kawai ta shige jaka. Ta kuwa shige. Amma ƙwaƙwalwarta Intel Atom ce, ram ɗinta giga ɗaya. In na buɗe Word da shafin intanet biyu, sai in je in yi alwala in dawo tana nan tana nazari.

Haushinta ya jefa ni ɗaya gefen. A 2014, Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da shekara uku, gari ya fara cika da ɗalibai masu goye da jakar kwamfuta, na bi ta Kwanar Huguma zuwa Kano na sayo wata gingimemiya 'yar gwanjo: inci 15.6, Core i7, har da katin hoto na masu gem. Mai shagon ya ce, "Malam, wannan ai doki ce." Bai yi ƙarya ba, ni ne na manta doki sai da harawa. Cazarta kaɗai kamar rabin bulo. In aka ɗauke wuta, kafin awa biyu ta yi shiru. Ga bazarar Dutse, a Afrilu zafi ya haura digiri 40, duwatsu na mayar da shi har bayan magariba. Fankarta ta yi ta kuka, ƙurar hunturu ta riga ta toshe mata hanci, ita kuma ƙwaƙwalwar in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙarfin da na zuba wa kuɗi, da asuba kawai nake ganinsa.

Abin da ya fi cin raina shi ne wanda ban ma tambaya ba: fuskar. Irin ta TN ce mai ɗigo 1366 a 768, dishi-dishi. Ka ɗan karkata ta, launi ya juye. A gindin darbejiya da rana kuwa, fuskata nake gani maimakon rubutu. Shekara uku ina zargin tsufa da ciwon kai da hawayen da nake yi, sai ranar da na zauna gaban ta wani aboki mai fuskar IPS, 1920 a 1080, na gane inda gizo ke saƙa. Ita ma da farashinta, domin fuska mai haske sosai batir take sha.

Daga baya na lura cewa abubuwan nan ba nauyinsu ɗaya ba. Ram da ma'ajiyar SSD, a yawancin Latitude da ThinkPad na gwanjo, mai gyara zai ƙara maka cikin minti kaɗan. Nauyi kuwa da shi za ku rayu, canza fuska kuma sai an dace da tsada da samu. Siraran nan masu ƙyalli, da yawansu an like ram ɗin a jikin allo, ba ƙari. Tun 2020 MacBook Air mai M1 ta haɗa sauƙi da gudu ba ko fanka, sai dai kuɗinta ba na albashin malamin makaranta ba ne.

Yau ina riƙe da inci 14, Core i5, fuskar IPS, kuma ta ishe ni. Ɗalibin da zai shiga kasuwa ya tuna Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 take farawa. Kuma kafin ka ƙirga kuɗi, ka roƙi mai shago ka fito da ita bakin ƙofa, ka cire caza, ka karanta shafi guda a cikin rana.