Akwatin shaho a birnin Paris

A wannan fitowa za mu ɗaga kai sama, mu leƙa wani gida da ba na ɗan Adam ba.

A unguwa ta 15 ta birnin Paris, kusa da kogin Seine, akwai wani bututun hayaƙi mai tsawon mita 130, na masana'antar da ke ɗumama gidajen birnin lokacin sanyi. A shekarar 1994 masu kare tsuntsaye suka maƙala wani akwati kusa da ƙolinsa, suna fatan shaho ya zo ya tare. Shekara ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, akwati yana nan wayam. Sai a 2013 aka ƙyanƙyashe ƴaƴa uku a cikinsa, karo na farko a Paris tun ƙarshen ƙarni na 19.

Wannan shaho shi ne Faransawa ke kira faucon pèlerin, wato shaho mahajjaci, Larabawa kuma su ce shahin. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba, domin waɗanda ke hayayyafa a can ƙuryar arewacin duniya suna ƙetaro Sahara su yi mana baƙunta idan sanyi ya kama ƙasarsu. Idan ya naɗe fukafukai ya sulmiyo daga sama kan tantabara, gudunsa yakan haura kilomita 300 a awa guda. Babu wata halitta mai rai da aka san ta kai shi.

Amma duk jarumtar nan, bai iya saƙa sheƙa ba. Ɗan gurbi yake tonawa a tsakuwa, bisa bakin dutse, shi ya sa ake zuba tsakuwa a cikin irin waɗannan akwatuna. Macen, wadda ta fi namijin girma, takan yi ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta a kansu wata guda da ƴan kwanaki. Namijin ne ke farauta yana kawo mata, kuma yakan karɓe ta kwanci domin ta ci ta miƙe ƙafa. Idan ƴaƴan sun fito, farare sol kamar auduga, uwar ce ke yagar nama ƙanana-ƙanana tana miƙa wa kowane a baki. Bayan kamar mako shida su tashi, iyayen kuma su ci gaba da ciyar da su na wasu makonni, suna sakar musu ganima a sararin sama domin su koyi cafka. (Muna iya cewa wasu magidanta a cikinmu za su ƙaru da kallon wannan namiji, amma wannan zance ne na wata rana.)

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dalilin da ya sa tsuntsu irin wannan ya kusa ƙarewa a Turai da Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu manoma suka rungumi wani maganin ƙwari mai suna DDT. Ƙananan tsuntsaye suka ci ƙwari da iri masu guba, shaho ya ci su, guba ta taru a jikinsa. Sau da yawa ba ta kashe shi ba. Yana tashi lafiya, yana farauta lafiya, sai dai ɓawon ƙwansa ya yi siriri, har uwa ta kwanta da nufin ɗumama ƙwai ta fasa shi da nauyinta. Wani masani ɗan Ingila, Derek Ratcliffe, shi ya nuna sirancewar ɓawon a 1967, bayan ya auna ƙwayaye na da da aka adana ya gwada su da na zamaninsa. Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki a 1972, kuma sai a 1999 ta cire shahon daga jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce su su mayar mata. Waɗancan da hannu aka ɗauka, ana iya mayarwa. Wanda guba ta ɗauka tun yana cikin ƙwai, wa zai mayar?

Mu ma a nan, magungunan ƙwari sun cika kasuwanninmu, wasu a leda, wasu a kwalba marar takarda, mai sayarwa bai san sunansu ba, balle mai saye. Muna barbaɗa su a buhun wake, muna wanke bidon da suka zo a ciki mu zuba ruwan sha, muna ajiye saura a ɗakin da yara ke kwana. Idan babu wanda ya faɗi ranar, sai mu ce lafiya lau. Haka Turawa suka ce shekara ashirin, alhali ɓarnar tana can cikin sheƙa inda ba a leƙawa.

Ga mai ajiyar wake, akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. A tambayi malamin gona inda ake samunsa kafin kaka. Bidon magani kuwa a huda shi, kada wani ya tsinta ya kai rijiya.