Kafin Mu Zargi Kamfani, Mu Dubi Yaran Da Ke Turkenmu



Duk wanda ya daɗe a Abidjan ya san labarin nan. Yaro ya bar turke, ya sami aikin gadi ko na lodi a wani kamfani wajen tashar jirgin ruwa a Treichville. Muna murna. Kafin ya cika shekara 2 sai ga shi ya dawo da ledar kayansa, wai kwangila ta ƙare. Bai yi sata ba, bai yi fashin aiki ba.

Dalilin yana cikin doka. Dokar ƙwadago ta 1995, wadda ta zo shekara guda bayan karya darajar sefa, ta ce kwangilar wa'adi ba za ta wuce shekara 2 ba, har da sabuntawa. In ta wuce, ma'aikaci ya zama na dindindin. Dokar 2015 ta bar wannan, ta ƙara da cewa a biya shi kashi 3 cikin 100 na albashin da ya karɓa in an sallame shi. Niyyar mai kyau ce. Amma mai kamfani ya iya lissafi fiye da mu: biyan kashi 3 ya fi masa sauƙi da riƙe mutum har tsufa. Sai ya sallami wannan ya ɗauki wani. Wa'adin da aka sa don ya kare yaro, shi ya zama ranar korarsa.

To, wannan laifin nasu ne. Namu fa?

Yaran da ke sauke mana shanu daga mota, masu kwana da raguna lokacin Babbar Salla, masu ba su ruwa da dusa, wa ya taɓa rubuta masu ko da layi ɗaya? Wani ya yi shekara 10 a hannun ubangida guda, amma kullum sunansa ɗan aikin yini. A 2023 aka kai mafi ƙarancin albashi jika 75. Mu nawa muka biya haka? Ranar da sa ya soki yaro, sai a haɗa masa kuɗin magani a hula, a ce Allah ya sawwaƙe. Da aka tashi kasuwar dabbobi ta Port-Bouët zuwa Adjamé a 2024, kowa kukan dukiyarsa ya yi. Waɗannan yara ba su da takardar da za su nuna cewa sun taɓa yin aiki a can.

Mun san za a ce kasuwarmu ta lokaci ce, yau da ciniki gobe babu. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗauki kowa dindindin ba. Amma ɗan layya daban, wanda ya shekara yana bin garkenka daban.

Shawararmu ga shugabannin turke ita ce a buɗe littafi. Duk yaron da ya wuce wata 3 a hannun mutum, a rubuta sunansa, da ranar da ya fara, da ladan da aka yanka masa, a gaban shaidu 2. Wanda ya shekara, ubangidansa ya kai sunansa ofishin CNPS. Za mu kawo maganar a taronmu na gaba, kuma muna roƙon dillalai su zo da yaransu.