Ƙafar da Aka Yanke, Me Ya Sa Take Ciwo?

Garin Aliero ya yi suna da abu biyu: albasa da ɗori. Daga Jega, Maiyama, har ma da nesa, ana kawo masu karaya, da yawa kuma su koma gida da ƙafafunsu. Amma wanda ƙashinsa ya ragargaje a haɗarin babur, ko wanda ɗauri ya matse har jini ya daina gudana, wani lokaci ba makawa sai an yanke gaɓar. Bayan watanni sai a ji yana kukan babban yatsansa na zogi, alhali babu yatsan. Jama'a su ce taɓuwa ce, wasu su ce iskoki. A ganina wannan zalunci ne.

Ciwon gaskiya ne. Likita Silas Weir Mitchell ya bayyana shi a 1871, a jikin sojojin yaƙin basasar Amurka. Jijiyar da aka datse takan yi ƙoƙarin tofowa, ta cure ta zama ƙululu a bakin dungu, ta riƙa aika saƙon zafi. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta shafe gurbin ƙafar ba, don haka can take jin zafin.

Yanzu masana na gwada sauti a matsayin magani. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Da irinsa ake ɗaukar hoton ɗan tayi. Idan aka tattara shi wuri guda, kamar yadda ɗalibi ke tattara hasken rana da gilashi ya ƙona takarda, yana ratsa fata ya isa jijiya ba tare da wuƙa ba. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don maganin karkarwar hannu. A kan ciwon dungu kuwa, gwaji ake yi tukuna, kayan aikin kuma na da tsada.

Saboda haka kada mu zauna jira. Malamai su koya wa ɗalibai cewa yatsun da suka yi sanyi, suka yi baƙi, ko suka daina ji bayan ɗori, alama ce ta a sassauta ɗauri a garzaya asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani. Wanda kuma aka riga aka yanke wa gaɓa, idan ya ce tana ciwo, a gaskata shi, a kai shi wurin likita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.