Ba kowane ciwon kai ba ne Panadol ke warkarwa

A zangon karatun da ya wuce, muna tsaka da lacca, wata 'yar ajinmu ta dafe kai ta ce kamar an buga mata guduma a ƙeya. Kafin mu ankara ta faɗi tana jijjiga. Wani ya ce iska ce, wata ta ruga neman mai ruƙiyya, wani kuma ya zaro cokali zai cusa mata a baki. Sai da aka yi kwana biyu ana addu'a da shafe-shafe a gida kafin yayanta ya dage a kai ta asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jini ya zuba a ciki. Likitoci suka ce tun haihuwa take ɗauke da wani curin jijiyoyin jini da suka sarƙe, kuma shi ne ya fashe. Yanzu tana raye, alhamdulillahi, amma hannunta na hagu bai dawo daidai ba har yau.

Ɗan uwa mai karatu, na san kana ganin irin waɗannan labarai a Facebook kusan kullum: hoton matashi a gadon asibiti, lambar asusun banki a ƙasa, ana neman miliyoyi don tiyatar kai. Mukan tura ɗan abin da ya sawwaƙa, mu yi "Allah ya ba da lafiya", mu wuce. Amma mun taɓa tsayawa mu tambayi wace irin cuta ce wannan, kuma me ya sa sai an kai ga bara kafin a yi wa mutum aiki?

Bari in fara da cutar kanta. A jikin mai lafiya, jini na fitowa daga zuciya ta manyan jijiyoyi da ƙarfi, ya ratsa wasu ƙananan hanyoyi sirara kamar gashi inda ƙarfinsa ke raguwa, sannan ya koma ta jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya. A wasu mutane, waɗannan siraran hanyoyin babu su a wani sashe na ƙwaƙwalwa. Jini mai ƙarfi sai ya afka kai tsaye cikin jijiyoyi marasa kauri, su kumbura su cure wuri ɗaya. Wannan ake kira AVM. Mafi yawa da ita ake haihuwar mutum, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato shekarunmu ke nan, ni da kai. Takan nuna kanta ta hanyar farfaɗiya, ko ciwon kai mai naci, ko zubar jini kwatsam. Akwai kuma 'yar uwarta, inda bangon jijiya ke yin rauni ya kumbura kamar balan-balan. Hawan jini da shan taba na ƙara haɗarin wannan. Masu sikila ma sun fi sauran mutane yiwuwar samun matsalar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila.

Gano cutar ba a yi da ido ko da taɓa goshi. Sai an yi hoton CT, wanda ke nuna zubar jini cikin mintuna, ko MRI da ke nuna curin da kyau. Mafi inganci shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har zuwa wuya, a saki wani ruwa da ke haskaka jijiyoyin a hoto. Wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ne ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa tun 1927. Kusan shekara ɗari ke nan, amma har yanzu a garuruwanmu da dama sai mutum ya yi tafiyar awanni kafin ya samu na'urar CT mai aiki, kuma in ya samu, kuɗin hoton kaɗai ya isa ya kori talaka.

Magani kuwa hanya uku ce. Ko a buɗe ƙoƙon kai a cire curin da madubin tiyata, ko a bi ta wancan bututun a toshe jijiyoyin da wani irin gam, ko a haska wurin da haske mai ƙarfi ba tare da yanka ba, fasahar da Lars Leksell na Suwidin ya samar, wadda takan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin curin ya rufe. Tun 1986 likitoci ke amfani da ma'aunin Spetzler da Martin, mai mataki 1 zuwa 5, su duba girman curin, da wurin da yake, da yadda jini ke fita daga cikinsa, kafin su yanke shawara. Kuma ka sani, ba kullum ake yin aiki ba. Wani babban bincike mai suna ARUBA da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa ga waɗanda curinsu bai fashe ba, a 'yan shekarun da aka bi su, waɗanda aka bari a kan magani da sa ido sun fi waɗanda aka yi wa aiki samun sauƙi. Likitoci na ta muhawara a kansa har yau. Darasin a gare mu shi ne, wannan shawara ce ta ƙwararre, ba ta mai kemis ba.

To ina ƙwararrun? Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. A Arewa muna da cibiya a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ga sassa a Zariya da Kano. Amma a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ba su kai 200 ba, kuma yawancinsu na manyan birane. Ga matsalar ficewar likitoci zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada, wadda kowa ya sani. Horar da irin wannan likita na cin shekaru masu yawa bayan digiri, don haka duk wanda ya tafi, gurbinsa ba ya cikuwa da wuri.

Sai batun kuɗi. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika wannan alƙawari ba. Sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, amma ka duba gidanku, mutum nawa ke da kati? Wannan giɓin ne lambobin asusun da muke gani a Facebook ke ƙoƙarin cikewa, kuma ba za su taɓa cike shi ba. 'Yar fim ɗin Ingila Emilia Clarke tana da shekara 24 jijiya ta fashe mata a kai a 2011, aka yi mata aiki cikin gaggawa, ta koma bakin aikinta. Cuta iri ɗaya ce, tsarin da ya tarbe ta ne daban.

Ba wai ina raina addu'a ba ne, ko kusa. A yi addu'a a cikin mota ana hanyar asibiti. Abin da nake roƙonka ka riƙe shi ne wannan: ciwon kai da ya zo lokaci ɗaya, mafi tsanani da mutum ya taɓa ji, musamman da amai ko sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya ta farko ga baligi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko rikicewar magana, duk gaggawa ce. Kar a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa komai a baki.

In kai ɗalibi ne, akwai kuɗin inshorar lafiya ta TISHIP da makarantu da yawa ke haɗawa cikin kuɗin rajista. Je asibitin makarantarku ka tambayi abin da ta ƙunsa tun kana da lafiya. Kuma idan masu neman ƙuri'a suka shigo unguwarku da taliya da atamfa, ka tambaye su ina na'urar CT ta babban asibitin jiharku take, kuma yaushe rabon da ta yi aiki.