Sanyin Jos da Lissafin Man Dizal

Hunturu idan ya sauka a Jos ba ya wasa. Garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, shi ya sa a watannin Disamba da Janairu sanyin dare kan ratsa bargo, ya kwantar da yara da tsofaffi da mura da ciwon haƙarƙari. Tun kaka da kakanni kaskon gawayi ne gatan talaka, alhali kuwa gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari, wadda takan kashe mutum yana barci.

Yanzu ga wata dabara ta shigo, wato ƙananan na'urorin ɗumama ɗaki masu shan man dizal, wanda direbobi ke kira gas. Asalinsu kamfanonin Jamus irin su Webasto suka ƙera su domin direbobin manyan motoci, daga baya Sin ta cika kasuwannin duniya da masu araha. Amfaninsu shi ne hayaƙi yana fita waje ta bututu, iska mai ɗumi kaɗai ke shiga ɗaki. To, magidancin da zai gangara Dilimi, matattarar masu kayan mota da makanikai, yana cigiyar irin wannan na'ura, ya kamata ya tsaya ya yi lissafi tukuna, domin wahalar doki tana wajen harawa, ba ranar saye ba.

Ga lissafin. Na'urar tana shan abin da ya kama daga kashi ɗaya cikin goma na lita zuwa rabin lita a awa guda, gwargwadon yadda aka buɗe ta. A ce an saita ta tsaka-tsaki, rubu'in lita a awa. Daren awa 8 ya cinye lita 2, wata guda lita 60 ke nan. A watan Afrilu na 2024 matatar Ɗangote ta sauke farashin lita zuwa Naira 1,000, wannan kuwa farashin sari ne, na gidan mai ya fi haka. Ko a kan wannan farashi aka auna, ɗumama ɗaki ɗaya tak ya tashi Naira 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Ina kuɗin tuwo, ina na makaranta?

Ba a nan hidimar ta tsaya ba. Na'urar ba ta tashi sai da batir mai ƙarfin volt 12, kuma dole a riƙa yi masa caji. Gurɓataccen mai yana toshe ta da baƙin hayaƙi, sai an kai wa makanike. Farashin man kuma ba shi da alƙawari: a 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda.

Amma a faɗi gaskiya, na'urar ba abin yarwa ba ce. Lita guda tana ɗauke da zafin da ya kai wajen yunit 10 na lantarki, wato Naira 100 kowane yunit, alhali a Afrilun 2024 masu rukunin A na lantarki Naira 225 aka yanka musu. Saboda haka ɗakin haihuwa, da ɗakin kwanan marasa lafiya, da masu kiwon 'yan tsaki, duk za ta yi musu rana, muddin wanda ya san aiki ne ya ɗaura bututun hayaƙin.

Ga talaka kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ya hana ɗumin da ke ɗakinsa guduwa: ya yi silin a ƙarƙashin kwano, ya toshe kafofin taga da ƙofa, ya shimfiɗa tabarma a kan siminti. Wannan sau ɗaya ake biya. In an hura gawayi, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.

Wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Filato ta riƙa faɗakar da jama'a ta rediyo tun kafin sanyi ya kama. Su kuma 'yan kasuwar Dilimi, duk wanda zai sayar da irin wannan kaya, ya ji tsoron Allah ya gaya wa mai saye yawan man da take sha a dare guda kafin ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya saya da saninsa ba zai dawo da ƙorafi ba.